Da Sauran Santsi

A gidanmu na Sharada, wankin randa aikin safiyar Juma'a ne, kuma aikin yara ne. Randuna uku ne jere a gindin darbejiya, mu kuwa mu biyar, don haka ba a rasa gardamar wa zai sa hannu, wa zai ɗebo ruwa. Wayonmu bai wuce ɗaya ba: mu tuntsurar da ragowar ruwan, mu zuba sabo, mu karkaɗa, mu zubar, mu ruga mu ce mun gama. Umma ko leƙa randar ba ta yi. Hannu take zurawa har gwiwa, ta shafo cikin da yatsa, ta murza, sannan ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Da sauran santsi."

Shi ke nan, an koma farko. Sai an kawo soson buhu da toka an dirje cikin randar har ta riƙa ƙara a ƙarƙashin yatsa. Abin da ke ba mu haushi shi ne ruwan garau yake, ba ƙasa, ba tsutsa, ba wari. Mu a ganinmu fitina ce irin ta iyaye mata. Ita kuma ba ta taɓa tsayawa yi mana bayani ba, iyaka ta ce ɗauraya ba wanki ba ce. Sai da muka kusa rasa ƙafar mahaifinmu, sannan autarmu ta girma ta yi karatu, muka san da wa Umma take faɗa duk Juma'a.

Wanda bai tashi kusa da kamfanonin Kano ba zai ɗauka ruwan kwata launi ɗaya gare shi. Namu sauya kaya yake kamar amarya. Yau ja, gobe shuɗi mai duhu, jibi fari-fari kamar an dama farar ƙasa, gwargwadon abin da masaƙa ko kamfanin fata ya sako da dare. Da sanyin safiyar hunturu har tururi yake yi. Warin kuwa, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, baƙi ne kawai ke toshe masa hanci. Mu sai mun yi tafiya mun dawo muke jin sa. Tun muna yara mun san hanyar ruwan nan kamar yadda muka san hanyar makaranta. Na Sharada yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa. Na rukunin Challawa, can wajen Panshekara, kogin na kusa da shi, ba ya wata doguwar tafiya. Daga nan kogin ya gangara ya haɗu da Kogin Kano a wajen Tamburawa, inda ɗaya daga cikin manyan matatun ruwan birnin take. Na Bompai shi ta rafin Getsi yake bi zuwa Jakara, ya ƙare a madatsar Wasai. Kuma duk inda ruwan ya ratsa da rani za ka ga kore shar a gefensa: latas, alayyahu, kabeji, karas, ga ɗan injin ban-ruwa yana ta tari.

Baba a wani kamfanin fata yake aiki a Challawa. Kakansa majemi ne na gargajiya, irin waɗanda ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa, fatar da ayari ke haurawa da ita Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Shi jikan bai taɓa jima da hannunsa ba. A kamfani, fatu sukan iso da gishirinsu, a jiƙa su, a zuba musu farar ƙasa mai ƙuna da sinadarin salfayid gashin ya zube, sannan a jefa su cikin manyan ganguna masu juyawa tare da gishirin kuromiyam. Su fito shuɗi-shuɗi, abin da ma'aikata ke kira wet bulu. Fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku yakan bi ruwa ya fita. To, a ƙarshen wannan ruwan Baba yake. Aikinsa kula da magudanan siminti da ramukan da ake tara ruwan kafin a sake shi, da shebur da burushin waya da dogon takalmin roba.

Abokin gabarsa ɗaya ne, wani kauri mai yauƙi da ke manne wa bangon magudana, toka-toka a sama, baƙi ƙirin a ƙasa. Shi yakan kira shi majinar kamfani. Yana dawowa gida yana mita: an kankare ranar Litinin, an watsa magani mai cin hannu, kafin wata Litinin ɗin ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. "Ruwan da ko kwaɗo ba ya iya zama a ciki," in ji shi, "amma wannan abu ƙiba ma yake yi."

A kan wannan majinar ya zame wata ranar damina. Wani guntun rodi da ya leƙo daga siminti ya yanke shi a ƙwauri. Ciwon bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya wanke, ya ɗaure da ƙyalle, washegari ya zura ƙafar a takalmin roba ya koma aiki, don ranar da ba ka je ba babu kuɗinta. Ba mu san yana da ciwon suga ba, shi ma bai sani ba.

Abin da ya biyo baya da hannunmu a ciki, shi ya sa muke wannan rubutu da jam'i, kada a ɗora wa mutum ɗaya. Mu ake aike kemis. Mukan sayo kafso na iya kuɗin da ke hannu, guda shida yau, guda huɗu bayan kwana uku. Wani ya haɗiya, wani a ɓare a barbaɗa garin a kan ciwon, kamar yadda muka ga kowa na yi a unguwa. In ruwan ciwon ya ragu sai mu ce Alhamdulillahi, mu daina saye. Bayan mako biyu ya dawo, mu ma mu koma kemis. Wata huɗu ana haka. Ƙaramin yanka ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu, da wani farin abu mai sheƙi shimfiɗe a kansa, wanda muka ɗauka sabuwar fata ce ke tofowa. Wani lokaci audugar da aka cire takan fito da launin kore-shuɗi, sai mu ce ai kuromiyam ɗin kamfani ne ke fita daga jikinsa. Maƙwabta suka fara raɗe-raɗin jifa.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi muka kai shi asibiti. Wata dattijuwar nas ta buɗe ƙafar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Baba, sai ka yi haƙuri da ni." Ta ɗauko aska ta shiga kankare farin abin nan da muke ta lallaɓawa. Baba ya ciji hannun rigarsa. Yaya, babbanmu, ya kasa daurewa.

"Sista, mun kawo shi a ba shi magani, ke kuma sai yanka?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗana, wannan da kuke gani ba warkewa ba ce. In ban ga jini ba, ban kai ga nama mai rai ba. Magani ba ya ratsa shi."

Duk bayan kwana uku sai an koma an sake kankarewa, ga allurai a kan lokaci, ga maganin suga. Wata bakwai kafin bakin ciwon ya haɗe. Ƙafa ta tsira, aikin bai tsira ba, don kafin ya miƙe an sa wani a gurbinsa. Mun daɗe muna jin haushin nas ɗin nan a ɓoye. Allah ya yafe mana.

Auta tana firamare a lokacin. Ita ce daga baya ta shiga Jami'ar Bayero ta karanci ilimin ƙananan halittu. Wata rana ta zo gida da ɗan tsinken auduga, ta shafo cikin tsohuwar randar Umma ana jibi za a wanke ta, ta tafi da shi. Bayan kwana biyu sai ga hoto a zauren WhatsApp na gidanmu, wanda ta ɗauka ta bakin madubin ƙara girma: wasu 'yan ɗige-ɗige shunayya a cure kamar 'ya'yan inabi, wasu 'yan sanduna ruwan hoda a warwatse. A ƙasa ta rubuta: ga mutanen da Umma ke kora duk Juma'a.

Daga ranar ba ta huta da tambayoyinmu ba. Abin da za mu faɗa daga nan nata ne, mu dai mun mayar da shi bakinmu.

Launi biyun nan na hoton rini ne, kuma Bakano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin rini. A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, yana aiki a Berlin yana duba huhun waɗanda ciwon namoniya ya kashe, sai ya lura cewa in an rina ƙwayoyin bakteriya da shunayya aka wanke da barasar asibiti, wasu suna riƙe rinin, wasu suna saki. Yau waɗanda suka saki akan ƙara musu jan rini don a gan su. Sai bayan shekaru aka gano dalilin bambancin: bangon da ke kewaye da kowace ƙwaya ne. Mai kaurin bango ita ke riƙe shuni. Har gobe da wannan rinin ake fara tantance ƙwayar cuta a ɗakunan gwaji na duniya. Auta ta ƙara mana da cewa su ma karofin Ƙofar Mata ba baba da toka kaɗai ke aiki a cikinsu ba, bakteriya ce ke cinye iskar ruwan har shunin ya narke ya iya kama zane. Ashe marina sun daɗe suna kiwon abin da ba su taɓa gani ba.

Ƙwayar bakteriya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai ka jera kusan dubu kafin su cika milimita ɗaya. Cikinta ruwa ne mai gishiri da sauran kayan rayuwa, a naɗe cikin wani tantani mai laushi. Ruwan waje kullum turawa yake ya shiga, har matsin da ke ciki, a wasu nau'o'in, ya ninka na tayar mota sau da yawa. Yaya, da yake faci ya fara koya kafin kanikanci, nan take ya gane: robar ciki ce da taya. In ba tayar waje, robar ciki kumbura za ta yi ta fashe. Tayar bakteriya wata raga ce da aka saƙa da dogayen zaren sukari, aka ɗaure su da juna da gajerun igiyoyi irin na furotin. Sunanta feftidogilaikan. Jikin ɗan Adam ba shi da irinta ko kaɗan.

Mu da farko mun ɗauka aikin bango ke nan, kariya. Amma duk wanda ya san ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, ya san ba don tare mahara kaɗai aka yi ta ba. Ita ce fuskar birni. A ƙofofinta ake shiga da fita, a nan ake karɓar baƙo, a nan ake gane nawa da naka. Bangon bakteriya ma haka. Duk abin da ƙwayar za ta taɓa a duniya, yumɓun randa ne, simintin magudana ne, naman ƙwauri ne, da bangonta za ta taɓa shi. Shi ne garkuwarta, shi ne kuma hannunta.

Masu kaurin bango suna da wasu dogayen zaruruwa da ke tsirowa daga ragar su leƙo waje. Wani masanin sinadarai na Ingila, James Baddiley, shi da abokan aikinsa a Newcastle suka raɗa musu suna a 1958, kuma daga kalmar Girkanci mai nufin katangar birni suka ciro sunan. Da Hausa sai mu ce asid ɗin ganuwa, ba mu ƙara komai ba. Zaruruwan nan suna ɗauke da cajin lantarki irin na gefen batir mai alamar ɗebewa. Matsalar ita ce gilashi da yumɓu da yawancin abubuwan da ke cikin ruwa su ma cajin ɗebewa gare su, kuma iri ɗaya ture juna suke, kamar maganaɗisu biyu da aka haɗa ta fuska guda. Don haka ƙwayar takan liƙa wa zaruruwan wani ɗan sinadari, alanin, mai cajin tarawa, ya rage ƙarfin turewar. A 2001 masu bincike a Tubingen ta ƙasar Jamus suka ɗauki stafilokokus, ƙwayar nan mai kawo maruru da ruɓar ciwo, suka lalata mata hanyar liƙa alanin. Ta rayu, ta hayayyafa, har yauƙinta tana iya yi, amma ta kasa kama gilashi da roba. Ɗan canji a fuskar bango, gari bai kafu ba.

Ban da zaruruwan, akwai ƙugiyoyin furotin da ƙwayar ke ɗinkewa a jikin ragar, kowace da abin da take kamawa. Wata daskararren jini take riƙewa, wata kolajin, wato zaren da aka saƙa fata da nama da shi. Da Auta ta zo nan sai Baba ya gyara zama, don kolajin shi ne kasuwarsa. Jima, ko da bagaruwa ko da kuromiyam, ba komai ba ce illa ɗaure zaren kolajin yadda bakteriya ba za ta iya cin sa ba. Shekara da shekaru yana wurin da ake hana ƙwayoyin nan cin fatar akuya, sai ga su sun kafa sansani a tasa fatar.

Masu siririn bango, 'yan ruwan hodar nan, nasu tsarin daban ne. Ragarsu ba kauri, amma sun ƙara wata riga ta biyu a waje, mai maiƙo, mai gashin sukari, da 'yan ƙananan ƙofofi da ba kowane magani ke iya wucewa ba. Ta cikin bangon suke fito da jela ta iyo da wasu siraran zaruruwa masu miƙewa su kama wuri su janyo ƙwayar, kamar mai hawa rijiya da igiya. In ƙwayar ta ji ta taɓa wuri mai tauri, sai ta sauya hali: ta bar yawo, ta zauna, ta fara fitar da yauƙi. Fitacciya a cikinsu ita ce sudomonas, mai son bututu da duk wani wuri mai laima, da kuma tsohon ciwo. Tana fitar da wani launi kore-shuɗi. Auta ta ce in za ta yi rantsuwa, abin da muka gani a audugar Baba ke nan. Muka yi tsit.

Daga kamawa sai gini. Ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, 'ya'yan ba sa tafiya, suna nan manne da juna cikin yauƙin da suka fitar, wanda yawancinsa ruwa ne da sukari mai danƙo da furotin. Wasu nau'o'in su zo su raɓu. A hankali abin ya yi tudu, da 'yan lunguna a tsakani inda ruwa ke kai abinci yana kwashe shara. Wannan shi masana ke kira bayofim, sunan da ya bazu bayan aikin Bill Costerton na ƙasar Kanada a ƙarshen shekarun 1970. Shi ne santsin randa, shi ne majinar kamfani, shi ne farin abin da ke kan gyambo, shi ne kuma dattin da ke taruwa a gindin haƙori.

Wurin da ya fi ba mu mamaki shi ne inda bangon ke rushe kansa. Kowace ƙwaya tana da 'yan almakashinta na yanka raga, don in ba a tsaga bango ba ba yadda za a faɗaɗa shi ko a raba gida biyu. A cikin bayofim, wasu ƙwayoyin sukan saki almakashin nan har bangonsu ya ɓarke, su mutu, kayan cikinsu ya zube. Cikin abin da ke zubewa akwai dogon zaren gado, DNA, mai danƙo. Zaren nan yana shiga cikin yauƙin ya riƙe shi, daidai yadda magina ke cuɗa ramno a cikin ƙasa don kada katanga ta tsage. A 2002 masu bincike daga Ostareliya da Denmak suka nuna cewa in aka zuba sinadarin da ke yanka DNA, sudomonas ba ta iya kafa garinta. Wato da gawar wasu ake ƙarfafa ginin saura.

A nan ne maganar ta dawo kan kafsonmu, kuma ba da daɗi ba. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da muke saye a kemis, bango suke hari. Ba rushe ginannen bango suke ba. Hana magini ɗaure sabon zare suke, sai ƙwayar da ke girma ta tsinci kanta da raga mai rauni ta fashe. Shi ya sa ba sa taɓa namu jikin, mu ba mu da ragar. To amma a can ƙasan bayofim abinci da iska sun yi ƙaranci, ƙwayoyin kwance suke kamar masu barci, ba mai gini. Maganin da ke jiran magini ya zo ya tarar ba a aiki. Ya kashe na sama-sama, ruwan ciwo ya ragu, mu ce an warke, na ƙasa su farka su maye gurbi. A gwaje-gwaje, ƙwayar da ke cikin bayofim takan jure maganin da ya ninka wanda zai kashe 'yar uwarta mai yawo sau ɗari, wani lokaci har dubu.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. A 2012 wasu masu bincike a Amurka suka ba stafilokokus ɗan maganin dangin fenisilin wanda bai kai ya kashe ta ba. A wasu nau'o'inta sai bangon ya ji rauni, almakashi suka motsa, DNA ya ƙara zuba, bayofim ya ƙara kauri. Guda shida yau, guda huɗu bayan kwana uku. Babu wanda ya ce komai a tsakar gidan, sai Umma da ta tashi ta shiga ɗaki.

Nas ɗin nan, ashe, aikin Umma take yi da aska. Wani bincike na 2008 a Amurka ya duba tsofaffin raunuka 50 ya sami bayofim a 30, a sababbin raunuka 16 kuwa ɗaya tak. Shi ya sa kankarewa ta zama ginshiƙin jinyar gyambo: a rushe garin, waɗanda suka saura su koma gini, a lokacin ne magani ke samun su. Abin ma ba sabo ba ne. A 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, kamar dai ɗan Kantin Kwari mai sha'awar goge gilashi, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba a madubin da ya ƙera, ya ga halittu suna motsi. Ya kurkure baki da binega mai ƙarfi ya sake dubawa, ya tarar na waje kawai suka mutu. Mai asuwaki sau biyar a rana ya riga shi sanin maganin, ko da bai san sunan cutar ba.

Baba bai damu da tarihin ciwonsa sosai ba, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Tambayarsa ita ce ta da: yaya abu mai rai ke ƙiba a ruwan da ke kashe kwaɗo? Auta ta ce amsar ma a bango take. Cajin ɗebewar nan da ke kan raga da zaruruwa da yauƙi yana jan ƙarafan da ke narke a ruwa, don su cajin tarawa gare su. Tun a shekarun 1970 Terry Beveridge, shi ma ɗan Kanada, ya nuna yadda bangon basilus ke tara ƙarafa a jikinsa, kuma basilus ɗin da ya yi aiki da ita ita ce dai wadda ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Kuromiyam ɗin jima yana maƙalewa a yauƙin waje da bangon na sama, na ciki su samu sauƙi. Wasu ƙwayoyin ma suna iya mayar da kuromiyam mafi guba, wanda ake kira na shida, ya koma na uku mai dama-dama. Baƙin da ke ƙasan majinar kuwa, inda iska ba ta kai, mazaunansa da sinadarin salfet suke numfashi, su fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙari a kan wadda salfayid ɗin kamfani ke fitarwa. In ta yi yawa hanci yakan daina jin ta, mutum ya faɗi a rami bai san me ya same shi ba. Baba ya gyaɗa kai. Ya ce dokarsu ce tun da, ba a shiga rami mutum ɗaya, kuma ba a shiga ba igiya a ƙugu.

Sai ta gaya masa abin da ya sa shi dariya har da tari: a matatun ruwan datti, kiwon majinar nan ake yi. Ana cika babban rami da tsakuwa ko 'yan guntayen roba, a bar santsi ya lulluɓe su, a riƙa ratsa ruwan ta cikinsu, ƙwayoyin su cinye ruɓaɓɓen nama da maiƙo. Ko tace ruwan sha da yashi, ba yashin ne ke yawancin aikin ba, santsin da ke kwanciya a samansa ne. A 1892 kwalara ta kashe dubban mutane a Hamburg ta Jamus, amma Altona da ke manne da ita, wadda ke ɗibar ruwa a kogi ɗaya, a ƙasa ma da inda Hamburg ke zubar da ƙazantarta, ta tsira da sauƙi saboda tana tacewa da yashi.

"Ashe shekara goma sha huɗu ina yaƙi da ma'aikacin da ya fi ni iya aikin," in ji Baba.

Ba haka ba ne gaba ɗaya, kuma shi ma ya sani. A cikin bututu majinar toshewa take, tana cin ƙarfe da siminti, dole a kankare. Sannan kama kuromiyam ba kashe shi ba ne. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Yana nan cikin laka, kuma mun sha ganin lakar ramuka an jibge ta a fili, rana ta busar, iska ta ɗauka, ruwan sama ya mayar da ita rafi. Wanda ke kwance a santsin gindin Salanta ko Getsi ma, babban ruwa ɗaya ya isa ya ɓamɓaro shi ya shimfiɗa a fadamar mai latas. Dokoki akwai su. Hukumar NESREA tun 2007 aka kafa ta, kuma ba a yarda kamfani ya saki ruwa bai tace ba. Amma mu da muka girma a bakin kwatar mun ga abin da takarda ba ta faɗa. Matatar da ke aiki da halitta kamar garke take. Tana son iska dare da rana, iska kuwa sai da wutar lantarki ko dizal. In aka kashe injin na kwana biyu don tsimin mai, ko aka sako ruwan salfayid da na kuromiyam a haɗe lokaci guda, garken ya mutu, sai an yi makonni kafin wani ya taso. Gina ramin ba wuya, ana iya yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Wanda zai zauna ya yi kiwon, a biya shi, a ba shi takalmin da ba ya yoyo, shi ne ba mu cika gani ba.

Yanzu randa ɗaya ce ta rage a gidan, Umma ba ta yarda a taɓa mata ita. Sauran gidan daga tankin roba muke sha, baƙi, a kan ƙarfe can sama, wanda muka haɗa kuɗi muka saya shekara uku da suka wuce muna ta alfahari. Ranar da Auta ta gama bayanin nan ne Umma ta tambaya, kamar ba da wata manufa ba, yaushe rabon da a buɗe shi. Muka dubi juna. Yaya ya jingina tsani ya hau, ya kwance murfin, ya zura hannu har kafaɗa. Ya daɗe a can sama bai ce komai ba, yana murza yatsunsa. Da ya sauko sai ya nemi lambar wani yaro mai wankin tanki a Ja'en. Yaron ya ce dubu takwas, Yaya ya ce biyar, suka tsaya a shida. Asabar zai zo, tsani da omo namu, burushi nasa.